Gargaɗi ga masu neman injin hannu na tsohuwar Land Cruiser

Da ɓacin rai nake rubuta wannan, domin wani mai tallar injinan hannu a intanet ya karɓi kashi biyu bisa uku na kuɗin inji a hannuna, sannan ya turo mini abin da bai kamata a ɗaura wa kowace mota ba. Motata Land Cruiser ce samfurin 80, ƙirar 1994, mai jan ƙafa huɗu, da injin dizal 1HZ mai silinda shida, lita 4.2. Ta fara tafasa ruwa tana fitar da farin hayaƙi, baƙin mai kuma ya yi fari-fari, alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba. Makanikena ya ce ko gaskit ne ya ƙone ko kan injin ya tsage, kuma ba za a tabbatar ba sai an kwance.

Kada kowa ya ce gaggawa na yi. Na zauna na yi lissafi: idan kan ya tsage dole a nemo wani, a sa sabon gaskit da ringi da metal da bel ɗin taimin, ga kuɗin aiki, kuma idan aka tarar silinda ta cinye aikin ya ƙara tsawo. Injin hannu mai lafiya ya fi sauƙi, kuma har gobe ina nan a kan cewa lissafina daidai ne. Mutumin ne maƙaryaci.

Bidiyon injin da ya turo mini shi ne ya ƙi fita daga raina. Ya tada injin a sanyaye, bugu ɗaya ya kama. Ya cire murfin mai ya nuna babu hayaƙin da ke tasowa, sannan ya matso da waya har kan lambar shaidar injin da aka buga a jikin bulok, wato gangar jikin injin, ya goge ta da yatsa don in karanta. Ya ce, "Yallaɓai, kilomita 90,000 kacal ya yi, ka ɗaura ka manta da shi." Kilomita 90,000! Na karanta lambar da idona, har na rubuta ta a takarda. Wane ne zai ga an goge masa lamba da yatsa ya kawo zargi a ransa? Tun a kiran farko na nemi a auna matsin silinda, amma bayan na tura kafin alƙalami sai ya ce na'urar tana wurin abokinsa, ya rantse zai auna kafin a loda. Tun kafin wannan kuwa ya ce mini akwai wani mai saye da ke jiran injin. A nan na cika masa kashi biyu bisa uku, ban da kuɗin dako da na biya daban.

Da injin ya iso, fentinsa bai gama bushewa ba. Makanikena ya kankare wurin lambar, sai ga shi an goge ta da injin gurza ƙarfe an shafe da fenti. Da aka kwance kaskon mai, wani mai ne mai kauri da ake zubawa don a ɓoye ƙarar buga, a ƙasansa kuma ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli. A kan injin akwai tabon walda. Da muka auna matsi, silinda biyu ba su ko kusanci sauran ba. Wannan ba injin bidiyon ba ne, kuma ya sani.

Da farko ya ce direban da ya ɗauko ne ya musanya. Daga baya, ba kunya ba tsoron Allah, ya ce in turo ragowar kashi ɗaya kafin a yi maganar canji. Ya riƙe kashi biyu bisa uku, yana neman na ukun a kan ƙarfen da ya mutu! Hirarmu, shaidar tura kuɗi, bidiyon da hoton lambar da aka goge duk suna hannuna, zan saka su da zarar na gama shigar da ƙara.

Kada ku tura ko sisi sai makanikenku ya tsaya a kan injin, ya duba lamba, ya auna matsi. Bidiyon yana nan yana yawo a ƙarƙashin wani sabon suna, da yatsan nan a kan lambar.