Ɗaukar Murya: Ɗakin Gida a Nima ko Situdiyo?

Idan muryar da aka ɗauka a gida ta fito ba daɗi, yawanci ba makirufo ke da laifi ba, ɗakin ne. Ɗakunanmu na unguwannin Nima da Mamobi a Accra bangon siminti ne, ƙasa tayil. Murya na bugun bango ta dawo cikin makirufo, sai ta fito kamar ana magana a cikin randa. A situdiyo an lulluɓe bango da kayan da ke shanye amsa-kuwwa, musamman kusurwoyi, inda kaurin sauti ke taruwa. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa kusan ado ne kawai. Katifa da labule mai kauri sun fi shi nesa ba kusa ba.

Sai hayaniya. Ƙofar situdiyo mai nauyi ce. Gida kuwa ga fanka, ga firiji, ga hon ɗin trotro (motocin haya), ga gunjin wutar lantarki na 50 Hz idan waya ba ta da kyau.

Waƙar da za ta shiga rediyo, a biya situdiyo. Wa'azi ko hira, gida ya isa: makirufo irin wanda ake kira dainamik (bai cika kwaso hayaniyar nesa ba), baki na nesa da shi santimita 10 zuwa 15, a kashe fanka, ƙarfin sauti kada ya wuce -6 dB a ma'aunin na'urar ɗauka, domin idan ya fashe da wuya ya gyaru.