Mu huɗu muka je ba da jini a Gombe, biyu aka ɗiba

Matar yayana ce ta haihu, jini ya ɓalle mata. Likita ya ce bayan leda biyu na jini sai an ƙara mata filasma, ruwan nan mai kalar rawaya da ake warewa daga ƙwayoyin jini, wanda ke taimaka wa jini ya daskare. Asibitin ya ba ta daga ajiyarsa, da sharaɗin dangi su mayar da gurbi. Mu huɗu muka hau Keke Napep daga Jekadafari, kowa na ganin miƙa hannu ne kawai.

Ashe da sauran magana. Ƙanena aka fara sallama, shekararsa 17, su kuma daga 18 suke karɓa zuwa 65. Ya cika ya batse, wai ya fi ni ƙarfi. Sai sikeli: dole mutum ya kai kilo 50. Aka gwada hawan jini, aka soki yatsa a duba ko jinin ya ishi mai shi kafin a yi zancen kyauta. Tambayoyi kuwa kamar a gaban alƙali: ka yi zazzaɓi kwanan nan? Kana shan magani? Wanzami ya yi maka ƙaho? Nan Kawu ya faɗi, don bai fi sati biyu da yin ƙaho ba. Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, a yi haƙuri, sai wani lokacin."

Na yaba da yadda suka rufe ƙofa kafin zancen gwajin ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Ba wanda ya ji na wani. Allura sabuwa, a gabana aka yage ledarta, cikin minti goma aka cika leda mai mililita 450.

Abin da ya ba ni haushi, ba ko takarda a bango mai bayanin sharuɗɗan nan. Sa'a uku muka yi a benci kafin Kawu ya san ba za a ɗiba ba, ga shi ya rufe shago.

A nan na san rukunin jinina AB ne. Da jin O ake yabo na taso, sai ga shi a filasma AB ne ke shiga jikin kowa. Suka karɓi lambata, suka ba ni maltina mai sanyi, suka ce kada na sake bayarwa sai bayan wata uku.