Ɗamarar kare da na saya don hawan dutsen Tinguelin da ke kusa da Garwa a Kamaru, ga abin da na gani

Jama'a masu fita daji da kare, ko farauta ko hawan dutse, ku bar ɗaure shi da igiya a wuya don Allah. Kare ba ya zufa irin namu, da haki yake fitar da zafin jikinsa, to in kana jan shi ta wuya a kan hawa cikin zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, numfashin nasa kake shaƙewa. Shi ya sa na sayi ɗamarar nan ta ƙirji a wani shago a babbar kasuwa, saiti ne, ɗamara da igiya da kwanon roba mai naɗewa da wasu 'yan takalma, sefa dubu shida bayan ciniki.

Ɗamarar kam ta yi. Ta ƙarƙashin hammata take bi ta zagaye ƙirji, ƙarfen maƙala igiya yana baya, kuma akwai mariƙi a sama, in mun zo wurin da dutse ya yi tsaye sai in kama in ɗaga shi ya haye, ba kuka ba tari. Amfaninta babba shi ne wajen shanu, don a hanyar Tinguelin sai ka ci karo da garken Fulani, karen da ba a riƙe ba zai bi ɗan maraƙi a guje ya jawo maka rigimar da ba ka shirya ba, ni kuwa nawa da ya zabura tsam na tsayar da shi. Sai dai maɓallin roba ne, ya fara tsagewa, na kai wa mai gyaran takalmi ya sa na ƙarfe. A duba hammatar ma in an dawo gida, ƙarangiya na maƙalewa ƙarƙashin ɗamarar ta goge fata, kaska kuma nan take son ɓuya da cikin kunne.

Kwanon ya fi ba ni sha'awa wallahi, yana shiga aljihu, kare na da abin shansa daban ba ruwansa da gorata, hankalina kwance wajen tsarki. Ruwansa ma daban nake ɗauka, lita ɗaya da rabi, kaɗan-kaɗan duk inda muka sami inuwa.

Takalman asarar kuɗi ne, kafin mu bar gindin dutse ya yar da biyu. Gara a fita da an idar da sallar asuba, in ka ɗora bayan hannunka a kan dutse ka kasa jurewa to shi ma tafinsa ƙonewa yake.

Mai shagon ya kyauta, ya ce in kawo karen a gwada kafin in biya, ku ma ku yi haka don girmansu ba ɗaya ba ne. Kuma a fara kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar ciwon hauka kafin a shiga ƙauyukan mutane da shi, akwai yara a hanya.