MemTest86: Manhajar da Ta Gano Dalilin Daskarewar Kwamfutata

Kwamfutata ta tebur ta shafe makonni tana daskarewa ba zato ba tsammani, wani lokaci sau biyu a yini, wani lokaci kuma sai ta yi kwana uku lafiya lau. Na share ƙurar fanka, na duba zafinta, na sabunta Windows, amma matsalar ba ta gushe ba.

Daga ƙarshe na gwada MemTest86 ta kamfanin PassMark, wadda ake ɗorawa a kan filashi, a tayar da kwamfutar daga gare shi, domin ta rubuta bayanai cikin kowane lungu na RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe bayanai a ciki yayin da take aiki, sannan ta sake karantawa ta ga ko sun canza. Zagaye na farko bai nuna komai ba, sai a na uku kurakurai suka bayyana, kuma da na gwada sandunan RAM ɗin ɗaya bayan ɗaya na gano mai lahanin.

Nau'in kyauta yana tsayawa a zagaye 4, kuma gwajin yana cin sa'o'i da dama, saboda haka da dare ya fi dacewa a yi shi. Tun da na cire sandar, kwamfutar ba ta sake daskarewa ba.