Tramadol na kashe ciwo kam, amma rabuwa da shi ce rigimar

In dai maganar kashe zafin ciwo ake yi, tramadol yana aikinsa, wannan ba zan rage masa komai ba. Ni an rubuta min shi ne bayan tiyatar karaya a ƙafa, ɗan kafso na 50mg, lokacin da farasitamol da diclofenac suka kasa taɓuka komai. Kafin awa ɗaya za ka ji zugin nan ya lafa, ba wai ya tafi gaba ɗaya ba, a'a, yana nan amma ya daina damunka har ka samu ka yi barci. Yakan riƙe mutum awa huɗu zuwa shida. Ga wanda aka yi wa aiki ko ya yi hatsari, wallahi rahama ne.

To sai dai fa jiki yana biyan kuɗinsa. Abu na farko jiri, in na tashi zan shiga banɗaki sai na dafa bango tukuna, ga tashin zuciya musamman in ciki ba komai, ga baki ya bushe ƙamas kamar mai azumi a watan Afrilu. Gumi kuwa ko ana sanyi sai ka ga wuyan riga ya jiƙe. Wanda ya fi ba ni wahala kuma ba wanda ya gargaɗe ni a kansa shi ne ɗaurewar ciki, mutum ya yi kwanaki bai zagaya ba, sai da wata nas ta ce min malam ka dage da ruwa da gwanda da ganye. Mai tuƙi ko mai aiki da inji ya haƙura da aikin in yana shan sa, don gyangyaɗin ba ya sallama.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wannan ƙwayar dangin su morphine da kodin ce, kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya fara fito da ita kasuwa a 1977 da sunan Tramal, daga nan muka samo Tramol ɗin da muke faɗa. Bayan toshe ciwo tana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu sa nishaɗi, shi ya sa za ka ji wani sakayau, damuwa ta ragu, surutu ya ƙaru. Nan tarkon yake. Ni na lura da kaina ina duba agogo ina jiran lokacin sha alhali ƙafar ba ta wani ciwo sosai a ranar, kuma fa ni a kan ƙa'idar likita nake.

Da na zo dainawa likita bai ce in yanke lokaci ɗaya ba, rage min ya riƙa yi a hankali, amma duk da haka na ɗanɗana. Barci ya ƙaurace, ƙafafuwa ba sa zama wuri ɗaya da daddare sai juyi, hamma, hanci na zuba kai ka ce mura ce, ga saurin fushi, yaro ya yi ɗan motsi ka daka masa tsawa. To ka auna wanda ya shekara yana afa ta kullum kafin ya hau babur ko ya shiga gona ko ya ɗau dako. Shi ba don daɗi yake sha ba kuma, don ya iya miƙewa ne kawai, kuma ɗayan da take isar sa bara bana ba ta isa.

Wanda NAFDAC ta amince da shi a Najeriya na 50mg ne da na 100mg, kuma babba bai kamata ya wuce 400mg a yini ba ko da likita ne ya rubuta. Amma wanda ke yawo a hannun samari na 200 ne da 225 har da 250, yawanci daga Indiya ake shigo da shi ta ɓarauniyar hanya, guda biyu kawai ka kai iyaka ko ka haura. Shi ya sa za ka ga yaro lafiyayye ya yanke jiki ya faɗi yana karkarwa kumfa na fita a baki a ce aljanu ne, alhali tramadol na jawo farfaɗiya in ya yi yawa, wani ma ko bai yi yawa ba in dama yana da ita. In aka haɗa shi da giya ko kodin ko maganin barci irin su diazepam numfashi ne ke raguwa har ya tsaya. Mai shan maganin ciwon damuwa shi ma ya faɗa wa likita kafin ya karɓa, haɗin na da hatsari, haka mai ciki da mai shayarwa, yaro ƙasa da shekara 12 kuwa ba a ba shi sam. Binciken da aka yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a ƙasar nan ne suka sha irin waɗannan ƙwayoyin ba da izinin likita ba, akasari tramadol.

Inda raina ya ɓaci shi ne wani kemis a unguwarmu. Na aiki ƙanena da takardar likita, yaron shagon ko kallon takardar bai yi ba, sai cewa ya yi "ƙaramin ko babban?" Babban fa shi ne haramtaccen. Ita kuwa famasin asibiti sai da ta karɓi takardar ta rubuta a littafi ta ƙirgo daidai adadin da aka rubuta, ba ƙarin ko ɗaya, a lokacin na ji haushin layin amma ita ce ta yi daidai.

Don ciwon kai ko ciwon haƙori ko gajiyar aiki ko maganar ƙarfin maza da ake ta yaɗawa, ban ba shi ko maki ɗaya ba. Don ciwo mai tsanani na ɗan lokaci, da takardar likita, na ba shi bakwai cikin goma, ukun da na cire na ɗaurewar ciki ne da daren da na yi ta juyi. Wanda kuma ya riga ya kamu kada ya yanke shi dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano da na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato, can ake rage wa mutum shi a hankali ana duba shi.