Attaura ko Talmud: Wanne Za Ka Fara Saya?

Wani abokina Bayahude a Amurka, wanda rabonsa da majami'a tun rasuwar kakansa, ya ƙudura niyyar komawa karatun addinin iyayensa shi kaɗai a gida. Da farko idonsa na kan Talmud, babban kundin shari'a da muhawarar malaman Yahudawa, bugun kamfanin ArtScroll, mai juzu'i 73, wanda aka kammala a 2005. Na ce masa ya dakata. Ko a zaurukanmu, ba a miƙa wa ɗalibi Muhtasar bai sauke Ahalari ba.

Talmud yana da ganye 2,711, galibinsa da Aramiyanci. Masu bin tsarin Daf Yomi, da Rabbi Meir Shapiro ya kafa a 1923, ganye ɗaya suke karantawa kullum, su sauke cikin shekara bakwai da kusan rabi. Bugun Koren mai sharhin Rabbi Adin Steinsaltz juzu'i 42 ne, kuma ya fi sauƙin shiga saboda hotuna da bayanin tarihi. Amma kafin ka taɓa aljihu, buɗe manhajar Sefaria: fassarar Steinsaltz ta Turanci tana nan kyauta tun 2017.

Abin da ya cancanci kuɗinka na farko shi ne Humash, wato littattafan Attaura biyar a ɗaure guda, Ibrananci a gefe, fassara a gefe. An raba su kashi 54, ana karanta rabon kowane mako ranar Asabar, don haka jadawalinka a shirye yake, ba sai ka ƙirƙiro ba. Bugun Stone na ArtScroll, na 1993, na 'yan Otodoks ne, wato ɓangaren Yahudawa masu tsananin riƙo da al'ada, ya jingina sosai ga Rashi, malamin Faransa da ya rasu a 1105. Etz Hayim na 2001 na ɓangaren Konsabatif ne, masu matsakaicin ra'ayi, yana shigo da binciken tarihi. Na Plaut kuwa na 'yan Rifom ne, masu sassauci. Shawarata, ka tambaya wanne ake buɗewa a majami'ar da kake son komawa, ka sayi shi, don idan aka ambaci shafi ka same shi.

Me ya sa littafi, alhali Sefaria kyauta ce? Masu kiyaye Asabar ba sa taɓa waya daga yammacin Juma'a, kuma ranar ce aka fi samun sukunin karatu.

Abokina ya ɗauki Etz Hayim, ya haɗa da Pirkei Avot, ƙaramin littafin hikimomin malaman farko mai babi shida. Yanzu abokin bita yake nema, wanda suke kira havruta, su riƙa ja-in-ja kan aya ɗaya kowace Alhamis da dare.