Gwajin taurin jijiyoyin jini: abin da na gani da kaina

Likitana ne ya tura ni wannan gwaji saboda hawan jinin da nake fama da shi, ga kuma mahaifinmu da shanyewar ɓarin jiki ta yi ajalinsa. Ra'ayina a taƙaice: gwaji ne mai amfani, amma amfaninsa na hannun wanda ya yi awon da wanda ya fassara sakamakon.

Babu allura, babu ɗibar jini. An dai ce kada in ci abinci, kada in sha kofi ko taba na awa uku kafin lokacin. Na kwanta rigingine na huta kamar minti 10, sannan ma'aikaciyar jinyar ta ɗaura min abin awo a cinya, irin wanda ake ɗaurawa a damtse, ta ɗora wani abu mai kama da biro a gefen wuyana inda jini ke harbawa. Na'urar SphygmoCor ce. Ma'aikaciyar ta ce, "Malam, ka daure kada ka yi magana, kuma kada ka yi barci." Ɗan dannawar da ake yi a wuya ce kawai ta dame ni.

Abin da ake aunawa shi ne saurin tafiyar bugun jini tsakanin wuya da cinya ta cikin babbar jijiyar da ta fito daga zuciya. Jijiya mai laushi tana buɗewa ta shanye ƙarfin bugun, kamar sabon tiyon ruwa. In ta yi tauri, bugun sai ya wuce a guje, ya kuma dawo wa zuciya da wuri, ya ƙara mata aiki. Ƙwaƙwalwa da ƙoda su ma suna ji a jikinsu. Matashi lafiyayye yakan samu wajen mita 6 a daƙiƙa. Ƙa'idojin likitocin Turai na 2013 sun ɗauki abin da ya haura mita 10 a matsayin alamar illa, bayan a 2007 sun sa 12. Wani nazari na 2010 da ya tattara bincike da dama ya nuna ƙarin mita ɗaya na tafe da ƙarin haɗarin cututtukan zuciya da jijiyoyi na kusan kashi 14 cikin ɗari. Nawa ya ɗan haura 9.

Inda raina bai so ba shi ne wurin awon tazara. Da tef ake auna nisan wuya zuwa cinya a bisa jiki, kuma wannan adadi ne na'urar ke lissafi da shi. Mai tumbi irina, in aka bi tudun ciki da tef, nisan ya ƙaru, sakamakon ya ƙaru. Ma'aikaciyar kuwa a gurguje ta auna, sai da na nemi ta sake. Sannan aka miƙo min takarda ba ko kalma ɗaya ta bayani, wallahi hankalina ya tashi har na isa gaban likita.

Shi ne ya kwantar min da hankali. Ya ce ba a karanta wannan lamba ita kaɗai, dole a haɗa ta da shekaru da kuma hawan jinin lokacin gwajin, tunda jini in ya hau lambar ma hawa take yi. Babu kuma wata ƙwaya ta taurin jijiya kaɗai. Ya gyara min maganin hawan jini, ya ce in rage gishiri, in riƙa tafiyar ƙafa kullum.

Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ina ba shi shawara ya tambayi likitansa game da gwajin. Amma ya tabbatar an bar shi ya huta kafin a fara, kuma akwai wanda zai zauna da shi a kan sakamakon.